Babi na Shida: Neman Tazarce a Ƙasar Gwamnoni

Daga 29 ga Mayun 1999, ranar da soja suka miƙa mulki, zuwa 29 ga Mayun 2023 shekara 24 ke nan cif. A 20 daga cikinsu, 'ya'yan ƙananan hukumomi uku masu iyaka da juna ne suka zauna a gidan gwamnatin Gusau. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi takwas, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya yi takwas, Bello Muhammad Matawallen Maradun ya yi huɗu. Mahmud Aliyu Shinkafi ne kaɗai ya ratsa tsakani daga 2007 zuwa 2011, shi ma mataimakin Yarima ne kafin ya gaje shi. Janbako, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Maradun, tana cikin wannan kusurwa ta yammacin Zamfara. Gwamna ba baƙo ba ne a wurin mutumin Janbako. Ya san gidansu, ya san wanda ya san shi, wataƙila ma sun yi sahu ɗaya a wata jana'iza. Matawalle kuwa tun kafin ya zama gwamna shi ne wakilinsu na Bakura da Maradun a Majalisar Wakilai ta Tarayya, daga 2003 har zuwa 2015.

Shi ya sa nake ganin idan ana son a auna hujjar shugaban da ya dawo neman ƙuri'a karo na biyu, nan ne wurin da ya dace a kafa sikeli. A nan babu wanda zai ce an yi watsi da shi don ba ɗan yankinsu ne ke mulki ba. Abin da ya rage a duba shi ne aikin kansa.

Matawalle bai hau kujerar ta hanyar da aka saba ba. A zaɓen Maris na 2019 APC ce ta fi yawan ƙuri'u, da tazara mai yawa. Sai dai rikicin cikin gida tsakanin ɓangaren Yari da na Sanata Kabiru Marafa ya hana jam'iyyar yin zaɓen fid da gwani da doka ta yarda da shi. Ranar 24 ga Mayun 2019, saura kwana biyar a yi rantsuwa, Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'un APC duka sun tashi a banza, ta miƙa kujerun ga waɗanda suka zo na biyu. Da haka Matawalle, ɗan takarar PDP, ya zama gwamna. Wannan ya sa zaɓen 2023 ya kasance mai nauyi biyu a wurinsa: neman tazarce ne, kuma shi ne karon farko da zai nemi mafi rinjayen Zamfarawa su ce shi suke so.

Jihar da ya karɓa tana cikin jini. Kwamitin da ya kafa a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, ya miƙa rahoto a Oktoban 2019, inda ya ƙirga mata 4,983 da aka mayar zawarawa, da yara 25,050 da aka mayar marayu, da mutum 190,340 da aka raba da muhallinsu tsakanin 2011 da 2019. Kuɗin fansar da aka biya a wannan tsakani ya haura naira biliyan uku. Duk wanda zai yi wa Matawalle hisabi na adalci, daga nan zai fara. Ba shi ya kunna wutar ba.

Maganin da ya zo da shi sulhu ne. Aka zauna da shugabannin Fulani da na 'yan sa-kai, aka hana 'yan sa-kai yawo da makamai, aka yi musayar waɗanda ake tsare da su, wasu 'yan bindiga suka miƙa bindigogi a gaban 'yan jarida suka rantse da Alƙur'ani. Aka fara gina rugar zamani a Maradun, da nufin makiyayi ya samu ruwa da makaranta da asibitin dabbobi a wuri guda. A 2020 gwamnan ya yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya ajiye bindiga ƙirar AK-47. Kuma gaskiya ne an samu sauƙi a watannin farko. Hanyoyin da aka daina bi sun buɗe, an sako mutane da yawa, manoma sun koma wasu gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba. A kan wannan sauƙi aka gina rabin hujjar tazarce: na tarar ana kashe ku kullum, na kawo muku numfashi, ku ba ni lokaci in ƙarasa.

Ɗaya rabin kuma hujja ce da kowane gwamnan Najeriya ya iya ta. Tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, kuma sashe na 215 ya ba kwamishinan 'yan sanda damar ya nemi a kai umarnin gwamna gaban shugaban ƙasa kafin ya zartar. Soja ma na Abuja ne. Yari ya taɓa fitowa fili a 2018 ya ce ya ajiye laƙabin babban jami'in tsaron jiha, tunda ba shi da ikon hukunta ko da ɗan sanda ɗaya. Da Matawalle ya bar PDP ya koma APC a wani babban gangami a Gusau ranar 29 ga Yunin 2021, abin da magoya bayansa suka riƙa faɗa shi ne tafiya da gwamnatin tarayya za ta jawo wa jihar ƙarin sojoji da kayan aiki, kuma haɗuwar manyan Zamfara a inuwa ɗaya za ta hana a riƙa siyasa da rayukan mutane.

Waɗannan hujjoji biyu kowace tana da ƙafa idan ta tsaya ita kaɗai. Haɗa su a baki ɗaya ne ke da wuya. Wanda ya ce sauƙin 2019 aikinsa ne, ba zai iya cewa masifar 2021 ta Abuja ce ba. Talaka bai karanta sashe na 215 ba, amma ya gane wannan sarai.

Shekarar 2021 kuwa a wannan kusurwa ta gwamnoni ta fi yin ɓarna. Daren Juma'a 26 ga Fabrairu, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara suka kora ɗalibai cikin daji a ƙafa. An sako 279 ranar 2 ga Maris, gwamnati ta ce tubabbun 'yan bindiga ne suka shiga tsakani, ba a biya ko kwabo ba. A watan Yuli aka kashe mutum sama da 40 a ƙauyukan yankin Faru na Maradun. Tsakiyar Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura, aka kashe ɗan sanda da masu gadi biyu, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba da rana tsaka aka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, ita ma a Maradun. Talata Mafara, Bakura, Maradun: cikin wata bakwai an taɓa makaranta a mahaifar kowane ɗaya daga cikin gwamnonin uku.

Daga nan gwamnati ta juya akalarta gaba ɗaya. Gwamnan ya ce ba sauran sulhu, domin waɗanda aka yi alkawari da su sun ci amana. Aka rufe kasuwannin mako-mako. Aka hana sayar da man fetur a jarka, aka taƙaita gidajen man da za su yi aiki, aka hana fitar da dabbobi a mota. Ranar 3 ga Satumba hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a faɗin jihar. An ce na mako biyu ne. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomin sai wajen ƙarshen Nuwamba.

Ya kamata mai karatun da bai taɓa zama a ƙauye ba ya tsaya ya gane me rufe kasuwar mako take nufi. Manomin wannan yanki ba shi da asusu a banki. Ajiyarsa tunkiya ce da awaki biyu da buhunan gero a rumbu. Idan matarsa ta fara naƙuda mai wuya, ko yaro ya kwanta da zazzaɓin damina, ɗaure akuya yake a bayan babur ya nufi kasuwar Talata Mafara, ya sayar, ya biya ta kantin magani a hanyar dawowa. A Satumban 2021 kasuwar a rufe take. Man babur ɗin ya yi tsada, don mai jarkar bakin hanya ya ɓace. Ɗansa da ke ci-rani a Legas ko Abuja, wanda ya saba turo 'yan kuɗi ta hannun mai POS, ba shi da hanyar turowa, don na'urar ba ta aiki sai da layi. Ba ya ma da hanyar jin ko iyayensa suna raye. Mutane suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi a tasha, kamar yadda kakanninsu suka yi, wasu kuma sai sun ƙetara wata jiha kafin su buga waya ɗaya. Abin da ya fi ciwo, ƙauyen da aka kawo wa hari cikin dare ba shi da yadda zai kira agaji.

Ban ce matakin ba shi da dalili ba. 'Yan bindiga da waya suke cinikin fansa, da ita masu ba su labari ke sanar da su motsin soja, kuma a kasuwannin nan suke sayar da shanun sata su sayi mai da abinci. An matsa musu na ɗan lokaci, har wasunsu suka tsallaka gabashin Sakkwato da Katsina. Amma wanda ya fi jin jiki shi ne wanda aka ce ana karewa. Da aka ɗage takunkumin, daji yana nan da mutanensa. A Yunin 2022 gwamnatin jihar ta fito ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga su kare kansu. Wata guda bayan haka Sarkin 'Yandoto ya naɗa Ado Aleru, wanda 'yan sanda ke nema ruwa a jallo, sarautar Sarkin Fulani, gwamnati ta dakatar da sarkin bayan ƙasa ta ɗauki surutu. Sulhu, sannan yaƙi, sannan kowa ya nemi bindigarsa, duk cikin shekara uku. Mutumin da aka bi da shi ta waɗannan hanyoyi uku yana da haƙƙin ya tambaya wace ce za a ci gaba da ita idan ya sake dangwala.

A dandalin kamfe ana jera tsaro da tattalin arziki da ilimi kamar abubuwa uku ne, kowanne da nasa shafi a takardar manufofi. A Janbako abu ɗaya ne. Arzikin wannan yanki ƙasa ce da ruwa. Madatsar ruwa ta Bakalori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato an gina ta ne don ta shayar da dubban kadada a Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma mutanen nan sun biya ta da tsada: a Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma sun buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, aka kashe mutane da dama. Shinkafa da alkama da tumatir da dankalin da ake nomawa a wannan fadama su ne albashin yankin. To idan manomi ba ya iya wuce gonakin bakin gari, ko sai ƙauye ya haɗa kuɗin noma ya kai wa ɗan bindiga kafin a yi shuka, a sake haɗa wani kafin a yi girbi, wace magana ce ta tattalin arziki za ta shiga kunnensa? An yi ta batun filin jirgin saman dakon kaya a Gusau, wanda wa'adin Matawalle ya ƙare ba a gama shi ba. An yi ta batun zinare, alhali haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sanya a Afrilun 2019 yana nan daram tsawon mulkin. Ƙididdigar talauci da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 ta sa sama da kashi 70 cikin 100 na mutanen Zamfara a cikin matalauta.

Akwai inda Matawalle ya tsaya wa talaka, kuma ya kamata a faɗa. Lokacin da canjin kuɗi ya jefa ƙasa cikin ƙuncin rashin takardar naira a farkon 2023, Zamfara na cikin jihohi ukun farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, gwamnatin jam'iyyarsu, kuma suka yi nasara ranar 3 ga Maris. A jihar da ƙauyawa ba su san ciniki ba sai da kuɗi a hannu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Batun ilimi ne ya fi taɓa ni, domin shi ne asarar da ba a ganinta a ranar da aka yi ta. Bayan Jangebe an rufe makarantun kwana. Bayan Kaya an rufe makarantun jihar baki ɗaya, sai a farkon 2022 aka fara buɗe wasu, waɗanda ke yankuna masu haɗari suka ci gaba da zama a garƙame. Wannan ya zo ne a kan watannin da annobar korona ta riga ta cinye a 2020. Sannan a 2022 hukumar WAEC ta sanar cewa makarantun gwamnatin Zamfara ba su gabatar da ɗalibai don jarrabawar kammala sakandare ba. Ka ɗauki yarinyar da ta shiga aji huɗu na sakandare a 2019. Korona ta ci mata zango biyu, tsoron sata ya ci mata kusan shekara, ta kai aji shida ba takardar da za ta nuna. Mahaifinta, wanda dama sai da aka yi ta lallashinsa kafin ya bar ta ta wuce firamare, me za a ce masa? Da yawa irinta an ɗaura musu aure, kuma ba za su koma aji ba har abada. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ga jami'ar jiha da aka kafa a garin a zamanin Yari, amma ƙofarsu ba ta buɗuwa sai da sakamakon jarrabawa. Ginin ajujuwa da fenti, waɗanda su ake nunawa a allon kamfe, ba su maye gurbin wannan takarda.

A lissafin 'yan siyasa, Matawalle bai kamata ya faɗi ba. A 2022 an sasanta shi da Yari da Marafa. Tsofaffin gwamnonin farar hula uku duk suna jam'iyyarsa. Mataimakinsa da ya ƙi bin sa APC, Mahdi Aliyu Gusau, majalisa ta tsige shi a Fabrairun 2022. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 APC ta ci zaɓen shugaban ƙasa a Zamfara da tazarar ƙuri'u sama da dubu ɗari, Yari kuma ya ci kujerar sanatan Zamfara ta Yamma. Mako uku bayan haka, ranar 18 ga Maris, jihar nan dai ta ba Dauda Lawal na PDP, tsohon babban darakta a First Bank wanda bai taɓa riƙe kujerar siyasa ba, ƙuri'u 377,726, ta ba gwamna mai ci 311,976. An je kotu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a sake zaɓe a wasu wurare, ciki har da Maradun, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar da Dauda Lawal a Janairun 2024. Masu zaɓe ba jam'iyya suka ƙi ba, tunda sun zaɓe ta a Fabrairu. Sun ware kujera ɗaya ne suka yi mata hisabi daban. Haka suka yi wa Mahmud Shinkafi a 2011 bayan ya bar ANPP ya koma PDP mai mulkin tarayya, haka kuma 'yan Najeriya suka yi wa Goodluck Jonathan a 2015, shekara guda bayan sace 'yan matan Chibok. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka labarin ya ƙare da sauyin gwamna. An rantsar da Dauda Lawal ranar 29 ga Mayun 2023. Ko mako ba a cika ba, a farkon Yuni, 'yan bindiga suka kashe mutum sama da 20 a Janbako da Sakkida. Sabon gwamnan ya ce shi ba zai yi sulhu ba. Ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2023, gwamnatinsa ta shiga biyan basukan hukumomin jarrabawa, ya ƙaddamar da rundunar Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Matawalle kuma ya zama ƙaramin ministan tsaro a Agustan 2023, wato ya koma ɓangaren da yake cewa a can ikon yake. Tun daga lokacin ɓangarorin biyu suke nuna wa juna yatsa, ana ci gaba da binne mutane a ƙauyukan Maradun.

Duk wanda zai sake zuwa wannan yanki neman ƙuri'a karo na biyu, gwamna ne ko sanata ko shugaban ƙasa, da kalmomin nan uku zai zo, domin ba wasu. Ina roƙon malamai da dattawa da matasan Janbako da maƙwabtanta kada su karɓe su a dunƙule. Ku tambaye shi ƙauyuka nawa ne a mazaɓarku suka biya kuɗin noma a shekarar da ya hau, nawa ne suka biya bana. Ku tambaye shi makarantun da aka rufe a 2021 wace da wace ce ke da malami da ɗalibi yau, kuma yara nawa ne daga Maradun suka karɓi sakamakon jarrabawarsu a hannu. Idan ya ce tsaro ba a hannunsa yake ba, ku ce ya faɗi abin da ke hannunsa, da kuɗin da ya kashe a kai, da inda kuɗin suka shiga. Ku yi masa waɗannan tambayoyi a bainar jama'a, tun kafin a sauke buhunan shinkafa da turamen atamfa, ko da kuwa ɗan garinku ne.